Fallen Kabon da Hasken Ƙarfe

Maƙeri a Daura ba ya neman ma'aunin zafi. Da ya ga ƙarfe ya tashi daga ja zuwa fari a bakin zugazugi, ya san lokacin guduma ya yi. Mu ma masu binciken kimiyya hasken ƙarfe muke karantawa, sai dai namu atam ne ɗai-ɗai da aka tuɓe wa ilektaron da yawa, haskensa kuma ido ba ya ganin sa. Tsawon zangonsa daga kimanin nanomita 10 ne zuwa 120, can gaba da shunayya, kuma iska tana shanye shi, don haka sai a bututun da aka zuƙe wa iska ake auna shi.

A 1963 wani masani mai suna Kay a Manchesta ta Ingila, sannan a 1964 Stanley Bashkin a Jami'ar Arizona ta Amurka, kowa da kansa, suka nuna cewa idan aka cillo atam daga injin Van de Graaff ya ratsa siririn fallen kabon, zai fito a tuɓe yana ba da haske. A 1967 har an yi taron duniya na farko kan dabarar a Tucson ta Arizona.

Fallen nan shi ne abin ƙaunarmu, shi ne kuma ciwon kanmu. Ana feshe kabon a kan gilashi, a zura gilashin cikin ruwa a hankali har fallen ya rabu ya taso, a tallabo shi da ƙarfe mai huji a tsakiya. Numfashi mai ƙarfi ma yaga shi yake yi. Atam masu nauyi kuwa, ba sa daɗewa suke huda shi, aiki ya tsaya.

Amma ladan ya kai wahalar. Atam ɗin na iya cin santimita guda cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. Ka matsar da fallen kaɗan-kaɗan, ka auna yadda hasken ke dushewa, tazara ta zame maka agogo. Da haka aka san tsawon zaman ilektaron a matakin kuzari na sama kafin ya faɗo. An sha gardama kan ilektaron da ke gangarowa daga matakai na can sama suna ɓata lissafi, har Lorenzo Curtis da abokan aikinsa suka kawo hanyar gyara. Indrek Martinson a Suwidin da Elmar Träbert a Bochum ta Jamus sun ba wannan fage rayuwarsu.

Da aka ƙera tarkon atam na EBIT a Livermore ta Amurka a 1986, hankali ya koma can, aka rufe ɗakunan gwajin fallen kabon da dama. A ganina an yi gaggawa. Tauraron ɗan'adam na SDO da aka harba a 2010 yana ɗaukar hoton rana da hasken ƙarfe a nanomita 17.1 da 19.3, kuma ba a fassara irin wannan hoto sai da alkaluman ɗakin gwaji.

A gida, Zariya na da cibiyar binciken makamashi ta CERT, Ile-Ife na da injin cillo atam na Pelletron mai bolt miliyan 1.7. Hotunan SDO kuwa kyauta suke a intanet. Ɗaliban kimiyya na Daura da Katsina, ku sauke su, ku fara koyon karanta hasken ƙarfe tun yanzu.