Tarihin Koset, Rigar Matse Ƙugu

Koset riga ce ta ciki da ake ɗinkawa da ƙyalle mai ƙarfi, a jera mata tsinkaye masu tauri, a ɗaure ta da igiya domin ta kama ƙugu ta tallafi ƙirji. Asalinta Turai ce. Tun ƙarni na 16 matan fada a Sifen da Italiya da Ingila suke sa irinta, kuma wadda aka ɗinka wa mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a 1603 tana nan har yau a cocin Westminster da ke Landan.

Aikinta a wancan zamani shi ne miƙar da gangar jiki. Tela kan haɗa lilin ninki biyu ko uku, ya ɗinka siraran hanyoyi layi-layi, ya zura tsinke a kowacce. Tsinkayen da aka fi so daga bakin wel ake samo su, wato ƙatuwar dabbar nan ta teku, don suna lanƙwasa da ɗumin jiki ba tare da sun karye ba. Ta gaba kuma a zura fallen katako ko ƙaho ko hauren giwa, daga ƙirji zuwa mara. Ramukan igiyar da zare ake daje su, in an ja da ƙarfi sai su yage. Wannan ne ya yi wa matsin iyaka.

Iyakar ta kau a shekarun 1820, da aka fara kafa zobban ƙarfe a ramukan, igiya ta samu damar jan ƙugu yadda aka ga dama. A 1848 Joseph Cooper ya yi rajistar maɓallin ƙarfe na gaba a Ingila, wanda ya ba mace damar sawa da cirewa da kanta. Keken ɗinki ya karya farashi, koset ta kai ga 'yan aikin gida da matan masana'anta.

Likitoci sun yi ta kuka cewa tana lanƙwasa haƙarƙari, tana taƙaita numfashi, tana raunana tsokar baya. Ga masu wuce gona da iri, maganarsu gaskiya ce. Sai dai Valerie Steele, a littafinta na 2001 kan tarihin koset, ta nuna cewa yawancin mata daidai wa daida suke ɗaurawa, kuma an jingina wa rigar cututtukan da ba nata ba.

A farkon ƙarni na 20 masu zanen tufafi irin su Paul Poiret na Faransa suka fito da riguna sakakku. Mary Phelps Jacob ta yi rajistar rigar mama a Amurka a 1914, Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya tura mata aikin da ba ya yiwuwa da ƙugu a ɗaure. Bayan koset ta ja baya, mai zanen tufafi Vivienne Westwood ta dawo da ita a 1987 a matsayin rigar waje. Salon da telolin Nijeriya ke ɗinka wa amare a yau daga wannan tushe yake, sai dai tsinkayensa na roba ne ko na ƙarfe.