Tuƙin Keke a Hanyar Burji: Hanyoyin da ke Kewayen Lafiya

Tuƙin keke a hanyar burji wasa ne da ake yi nesa da kwalta, a kan tsakuwa da jar ƙasa, cikin daji da gefen koguna. Tayoyin kekensa sun fi na tseren titi kauri. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasarsa ta duniya karo na farko a Italiya a 2022.

A kewayen Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa tun 1996, irin waɗannan hanyoyi ba baƙi ba ne, domin manoma sun daɗe suna ɗauko doya da rogo ta kansu bisa keke. Daga garin Doma, hanyoyin ƙauye na ratsa gonaki da kurmi zuwa madatsar ruwan Doma. Ta kudu maso gabas kuwa, ana bi ta Awe a gangara Tunga, a bakin kogin Binuwai.

Daga Afrilu zuwa Oktoba rafuka kan cika, taɓo ya riƙe taya. Nuwamba zuwa Fabrairu ƙasa kan bushe, sai dai ƙurar hunturu. Saboda satar mutane a wasu dazuzzukan jihar, ya kamata a tafi a ayari, da rana, tare da ɗan gari.