Shaye-shaye a Nijeriya: Daga Tabar Wiwi Zuwa Maganin Tari

Masana tarihi da dama suna danganta yaɗuwar tabar wiwi a Nijeriya da sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi hukuncin kisa ko ɗauri mai tsawo ga mai noma ta. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi wa masu fataucin hodar iblis irin wannan tanadi, har aka harbe mutum uku a Legas a 1985. Daga bisani aka kafa hukumar NDLEA a 1989.

Duk wannan tsanani an yi shi ne bisa zaton cewa mashayi yana tasha ko bayan gari. Ashe masifar ta ƙofar kemis za ta shigo. Maganin tari mai kodin ba ya wari, ba ya hayaƙi, ga shi a kwalba mai lambar rajista. Don haka ya kutsa har ɗakunan matan aure ba tare da maigida ya farga ba. Shi kuwa kodin ɗan uwan hiroyin ne: yana danne numfashi, yana kama jiki har mai sha ya kasa bari.

Sai a watan Mayu na 2018, bayan wani binciken BBC, gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi. Kafin nan tuni ƙwayar tiramol ta samu gindin zama tsakanin leburori da 'yan acaɓa.