Yarinyar Da Aka Ci Shari'a Da Sunanta

Mai karatu, wataƙila ka taɓa cin karo da hoton wata 'yar katun mai ƙaton kai da dara-daran idanu a jikin jaka ko riga a wajen 'yan gwanjo. Betty Boop kenan. Kamfanin Fleischer na Amurka ne ya fito da ita a 1930 cikin gajeren fim ɗin Dizzy Dishes, lokacin ma kunnuwan kare ne da ita. Abin da ya sa ta yi tashe shi ne muryarta ta shagwaɓa, da wasu 'yan sautuka marasa ma'ana da take cusawa a tsakiyar waƙa.

A 1932 mawaƙiya Helen Kane ta maka Max Fleischer da kamfanin Paramount a kotu tana neman diyyar dala 250,000, wai an sace mata kamanni da salo. Kuma fa ba banza ta yi ƙara ba, don Grim Natwick da ya zana Betty ya amsa daga baya cewa hoton Kane ya kalla ya yi zanen.

To amma da aka zauna shari'a a birnin New York a 1934, sai lauyoyin kamfani suka ce ai salon ma ba nata ba ne. Suka gabatar da Lou Bolton, manajan wata yarinya baƙar fata 'yar Chicago mai suna Esther Jones, wadda ake kira Baby Esther. Bolton ya ba da shaida cewa a 1928 Kane ta je gidan rawa na Everglades ta kalli yarinyar tana irin waɗannan sautuka, kafin ita ma ta fara. Aka nuna wa alƙali Edward McGoldrick wani fim mai sauti na Esther, ya kori ƙarar.

A nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Esther ba ta je kotun ba, ba ta cikin masu ƙara ko waɗanda ake ƙara. Garkuwa kawai aka yi da sunanta, kamfani ya tsira da kuɗinsa, Betty ta ci gaba da kawo riba. Alhali yarinyar nan ba ƙanwar lasa ba ce: a 1929 ta yi wasa a Moulin Rouge na birnin Paris, ta je Berlin, a 1931 kuma ta kai har Brazil, jaridu na kamanta ta da Josephine Baker tun ba ta mallaki hankalin kanta ba.

Da zamanin intanet ya zo, sai masu son rama mata suka zarce gona da iri. Aka riƙa yaɗa hotunan wasu manyan mata ana cewa ita ce, ana kuma cewa ita aka kalla aka zana Betty. Har tashar PBS ta faɗa wannan tarkon, sai a 2021 ta janye labarin. Kenan ko a wajen masu kare ta, fuskar wata aka ɗora a kan sunanta.