Dariya da Hawaye a Dandalin Hausa

Tun kafin boko ya iso ƙasar Gwandu akwai wasan kwaikwayo, kuma kusan dukkansa na ban dariya ne. Idan azumi ya kwana goma, yaran Gwandu da Kalgo, kamar na sauran garuruwan Hausa, sukan fita tashe bayan shan ruwa. Yaro ya manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a baya, ya dogara sanda yana rawar jiki, matan gida su yi ta ƙyaƙyatawa, a zuba masa gero a ƙwarya. 'Yan mata na wasan Mairama da Daudu, suna kwaikwayon zaman aure. A wasu fadoji kuma ana wasan gauta, inda matan cikin gida ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Raha ce ta ba ƙarami damar taɓa babba ya kwana lafiya.

Rabe wasa gida biyu, na ban tausayi da na ban dariya, daga Girka ya samo asali, a birnin Atina, ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya masanin nan Aristotal ya ce na ban tausayi yana nuna mutumin da ya fi mu daraja, kuskurensa ya kai shi ƙasa, mai kallo ya ji tsoro da tausayi. Na ban dariya kuwa aibin mutum yake tonawa ba tare da an ji ciwo ba, a watse kowa da ransa.

Da rubutaccen wasa ya zo mana, hanyar tashe ya bi. A shekarun 1930 R. M. East ya fitar da gajerun wasanni shida don makarantu. Malam Aminu Kano ya rubuta nasa tun yana matashi, yana zolayar macuta da masu danne talaka. Abubakar Tunau ya kawo Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya biyo da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Ko da Ibrahim Yaro Yahaya ya ɗauko Shakespeare, na raha ya zaɓo, ya mai da shi Daren Sha Biyu. Rediyo da talabijin suka ɗora da Samanja da Karkuzu, har zuwa Rabilu Musa Ibro da ya rasu a 2014.

Hawaye sun makara, kuma da suka zo ba ta ƙofar fada suka shigo ba. A 1975 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasa: uwa ta keta hamada neman ɗanta, ta faɗa bauta, ta gan shi, ajali bai bar ta ta more shi ba. A 1979 Umaru Ɗanjuma Katsina ya fitar da Kulɓa Na Ɓarna, labarin 'yar makaranta da mai kuɗi ya yaudara. Masu shan wahala a nan raunana ne, kuma laifin yawanci na wani ne. Wannan ya sha bamban da awon Girkawa, kuma a ganina dalilin girmamawa ce: muna jin nauyin ɗora manyanmu a dandali ana kallon ranar baƙin cikinsu.

Ba don mun rasa irin wannan labari a tarihin manyanmu ba ne. A 1817, da Shehu Usmanu ya rasu, ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya jagoranci mayaƙa a Tafkin Kwatto a 1804, ya taso zuwa Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa, an riga an yi wa Muhammadu Bello, ɗan Shehu, mubaya'a. Ya juya da nauyin zuciya, tsakanin baffa da ɗa ya yi sanyi. Bayan 'yan shekaru mutanen Kalambaina suka yi masa tawaye, Bello ya kawo ɗauki da rundunarsa. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu bayan nasara, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don baffansa, sai Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Daga nan Gwandu ta ci gaba da riƙe yammacin daular Sakkwato.