Teburin Mahogani da Waɗanda Suka Saro Shi

Lokacin da muke haɗa kayan ɗakin ƙanwata, kafintan da aka ba aikin gado da kabad sai cika baki yake yi, wai katakonsa mahogani ne zalla. Da na matsa masa da tambaya ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai maɗaci ne." To bai yi ƙarya duka ba, don maɗacinmu da mahogani dangi ne. Amma shi na asalin a ƙetaren teku yake fitowa, a tsibiran Jamaika da Kuba, da dazuzzukan Amurka ta Tsakiya. Labarinsa nake so ki ji, 'yar uwa.

A 1721 Ingila ta cire haraji a kan katakon da ake kawowa daga yankunan da take mulka a Amurka, sai mahogani ya samu kasuwa. Kafintoci suka so shi don ba ya saurin tsagewa ko lanƙwashewa, ga kututturensa da faɗi, falanki ɗaya ya isa saman ƙaramin tebur. In aka goge shi kuwa, ja ne mai duhu, sai ƙyalli yake. Attajiran Boston da Filadelfiya da Newport suka shiga gasar mallakarsa.

Da farko yawancin gidajensu ba su da ɗakin cin abinci na musamman. Tebur ne mai naɗewa, a jingine shi da bango, in abinci ya sauka a jawo shi tsakiya. Bayan sun shelanta 'yanci a 1776 ne masu hali suka yawaita ware ɗaki guda don ci kawai, da dogon tebur wanda ake ƙara wa falankai in baƙi sun yi yawa, da kujeru jere, da wani dogon kabad mai siraran ƙafafu da ake jera azurfa da tangaran a kansa. Kin ga dai yadda muke jeren kwanuka a ɗakin amarya don 'yan ganin ɗaki? To su ma hakan ne. Har ma in an gama cin nama sai a yaye mayafin teburin kafin a kawo 'ya'yan itace, don baƙi su ga katakon da idonsu. A birnin Niyok sunan kafinta Duncan Phyfe ya yi tashe ƙwarai, har ya rasu a 1854.

Amma wa ya saro itacen? Nan ne labarin ya daina yi mini daɗi. Bayi ne 'yan Afirka. A yankin da yanzu ake kira Belize, akan tura su daji ƙungiya-ƙungiya, su yi watanni ba su ga iyalinsu ba. Mahogani ba ya fitowa a cunkushe, ɗaya nan ɗaya can yake, don haka sai gwani a cikinsu ya hau doguwar bishiya ya hango inda yake. Gindinsa da kauri, sai a kafa dandamali mai tsayi, mutum ya tsaya a kai da gatari yana sara. In ya faɗi a share hanya, shanu su ja gungumen da dare ana haska musu da wuta saboda zafin rana, a kai bakin kogi a jira ruwan damina ya ɗauke shi zuwa teku. Haka aka yi ta yi har Ingila ta kammala 'yanta bayinta a 1838. Ita kanta Newport, garin da kafintocinta suka yi suna ƙwarai, tana cikin manyan tasoshin jiragen cinikin bayi na Amurka ta Arewa.

A cikin gida ma ƙyallin nan ba banza yake zuwa ba. Uwargida ke shan yabo, amma a gidaje da yawa baiwa ce ko 'yar aiki ke duƙe da tsumma da kakin zuma tana gogewa. Duk wadda ta taɓa wanke kwanukan jere ta san nufina.

Itacen kansa bai tsira ba. Na Jamaika da ke kusa da ruwa ya ƙare tun kafin 1800, kuma tun 2003 sai da takardar izini ake fataucin gungumen mahoganin Amurka ta Tsakiya tsakanin ƙasashe. Wasu daga cikin tsoffin kayan kuwa sun yi tsada ƙwarai. A 1989 an sayar da wani teburin rubutu mai haɗe da kabad, aikin Newport, a kan dala miliyan 12 da ɗoriya. An san attajirin da aka yi wa shi, Nicholas Brown. Masu saran itacen kuwa, in an dace da sunayensu, a takardun lissafin dukiyar iyayen gijinsu ake samu, kowane da kuɗinsa a gefe.