Yadda ake auna bambancin lafiya tsakanin unguwannin babban birni

Idan ma'aikatar kiwon lafiya ta fitar da rahoto, yawanci takan ba da adadi guda ɗaya ga birni baki ɗaya: yara nawa ne cikin dubu ke mutuwa kafin su cika shekara biyar, ko mata nawa ne ke haihuwa a asibiti. Wannan adadi tsaka-tsaki ne, an haɗa unguwar masu hali da ta talakawa an raba. Auna bambancin lafiya shi ne warware wannan adadi, a fitar da na kowace unguwa ko na kowane rukunin jama'a, sannan a kwatanta.

Aikin ba sabo ba ne. A shekarun 1820 wani likita Bafaranshe, Louis-René Villermé, ya jera gundumomin birnin Paris bisa yawan mace-macensu. Ya gano cewa abin da ya fi tafiya tare da mutuwa shi ne yawan gidajen da aka yafe wa haraji saboda talaucin mazaunansu. Har yau tsarin bai canja sosai ba: a san yawan mutanen da ke wuri, a san abin da ya same su, a raba wannan da wancan.

Misalin da ya fi fito da batun fili a Afirka shi ne na Nairobi, babban birnin Kenya. A shekarar 2000 cibiyar binciken yawan jama'a da lafiya ta APHRC ta gudanar da bincike a unguwannin marasa galihu na birnin kaɗai. Ta samu cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a waɗannan unguwanni, kusan 151 ke mutuwa kafin shekara biyar. Adadin Nairobi gaba ɗaya a lokacin kusan 62 ne, na karkarar Kenya kuwa 113. Wato yaron da aka haifa a tsakiyar babban birni, kusa da manyan asibitocin ƙasar, ya fi ɗan ƙauye shiga haɗari, kuma adadin birnin ya rufe wannan ruf.

Ana bayyana irin wannan tazara ta hanya biyu. Ana iya ɗebe ƙaramin adadi daga babba: 151 a cire 62, saura 89, yaran da ake rasawa a kan ƙari cikin kowane dubu. Ana kuma iya rabawa, a ce haɗarin ya kusa ninki biyu da rabi. Dole a duba duka biyun, domin mace-mace na iya raguwa a ko'ina amma ninkin ya ƙaru, idan unguwar masu hali ta fi saurin samun sauƙi.

Daga ina alƙaluman ke fitowa? Ƙidayar jama'a ita ce ke ba da yawan mutanen kowace unguwa, amma a ƙasashe da dama sai a yi fiye da shekara goma ba a sake ta ba, alhali unguwannin bayan gari na cika cikin 'yan shekaru. Akwai manyan binciken gida-gida, irin wanda ake kira EDS a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, da MICS na hukumar UNICEF. Suna da inganci, sai dai an tsara su ne don su wakilci ƙasa da jihohinta. Gidajen da ake ziyarta a birni ɗaya ba su kai a yi magana kan unguwa guda ba. A binciken EDS ma da gangan ake gusar da wurin da aka yi tambayoyin a kan taswira, har zuwa kilomita biyu a cikin birni, don kare sirrin mutane, kuma kilomita biyu ya isa ya fitar da gida daga unguwar talakawa ya kai shi ta attajirai.

Sai rajistar asibitoci, wadda ƙasashen Afirka da yawa ke tattarawa a manhajar DHIS2 da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙiro. Nan ne aka fi yin kuskure wajen karatu. Rajista tana ƙirga wanda ya zo ne kawai. Unguwar da ba ta da asibiti za ta fito kamar ba ta da zazzaɓin cizon sauro, wadda ke da babban asibiti kuma ta fito kamar ita ce matattarar cuta, saboda marasa lafiyar wasu wurare ake rubutawa da sunanta. Wanda ya sayi magani a kanti ya kwanta a gida ba ya cikin lissafin kowa.

Don cike wannan giɓi ne aka kafa tsarin bibiyar jama'a a wasu birane. A 2002 APHRC ta fara bin mazauna unguwannin Korogocho da Viwandani a Nairobi, ana komawa gida-gida ana rubuta haihuwa da mutuwa da ƙaura. A Wagadugu, cibiyar ISSP ta jami'ar birnin ta fara irin wannan aiki a 2008 a unguwanni biyar. Biyu, Kilwin da Tanghin, hukuma ce ta yanka filayensu. Uku kuma, Nonghin da Polesgo da Nioko 2, na cikin waɗanda ake kira non loti, inda aka yi gini ba tare da tsarin hukuma ba. A can ma mutuwar ƙananan yara ta fi yawa a unguwannin da ba a yanka ba. Idan mutum ya rasu a gida, ma'aikata kan zauna da danginsa su tambayi alamomin ciwon da ya yi, daga nan a ƙiyasta sanadin mutuwar.

Ko da alƙaluman sun samu, akwai abubuwa biyu da ake kiyayewa. Unguwar da tsofaffi suka yi yawa za ta fi yawan mace-mace ko da ta fi kowace lafiya, shi ya sa ake daidaita lissafi bisa shekarun mazauna kafin a kwatanta. Sannan ƙaramar unguwa adadinta na tsalle: mutuwar jarirai uku a bana da shida a baɗi ba ta nufin abu ya lalace ninki biyu, don haka akan haɗa shekaru uku ko biyar wuri guda. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2008 an ambaci unguwar Calton ta birnin Glasgow, inda tsawon ran da ake sa wa namiji ya kasance shekara 54, alhali a Lenzie da ke kusa 82 ne. Tazarar gaskiya ce, amma Calton ƙaramar unguwa ce mai gidajen kwanan marasa matsuguni, abin da ya ƙara jawo adadin ƙasa.

Wannan batu ya shafi Hausawan da ke zaune a tsofaffin unguwannin baƙi masu cunkoso, irin su Nima a Accra ko Briketeri a Yawunde. Irin waɗannan wurare sukan shige cikin lissafin babbar gunduma, ba a ganin nasu adadin daban. Akwai kuma abin da ke hannun mazauna. Musulmi na gaggauta jana'iza, kuma idan rasuwa ta faru a gida sau da yawa akan yi sutura a kai mamaci makwancinsa ba tare da an sanar da ofishin rajista ba. Haka ma jaririn da aka haifa a gida aka raɗa masa suna ba a karɓar masa takardar haihuwa ba. A wurin mai lissafi, unguwar ba ta yi rashi ba kuma ba ta ƙaru ba, alhali da waɗannan alƙaluma ne ake tsara inda za a gina ɗakin haihuwa da yawan allurar rigakafin da za a aika.